Kalmar Ingilishi «impoverished»: azuzuwanta a nahawu da takwarorinta a Hausa

1. Gabatarwa

A cikin takardun da ƙungiyoyin ƙasashen waje suke rubutawa game da ƙasashen Sahel, akwai kalmomi biyu na Ingilishi da ba a cika rasa su ba, wato «poor» da «impoverished». Masu fassara a gidajen rediyo da ma'aikatun yaƙi da jahilci sukan mayar da su duka biyun da kalma guda, «talaka» ko jam'inta «talakawa», su wuce gaba. Ga wanda ya tsaya ga ƙaramin ƙamus, wannan fassara ba ta da laifi, domin irin waɗannan ƙamus sukan jera kalmomi masu kusancin ma'ana wuri guda. Amma in aka bi sawun ginin kalmomin, sai a tarar cewa «impoverished» tana ɗauke da aikatau a cikinta, aikatau kuwa shi ke nuna abin da ya faru da wanda ya aikata shi. Fassarar da ta zubar da aikatau ta zubar da labarin yadda mutane suka shiga halin da suke ciki.

Wannan maƙala za ta bi kalmar tun daga asalinta, ta fayyace azuzuwan da danginta suke shiga a nahawun Ingilishi, sa'an nan ta nuna kayan aikin da Hausa take da su domin ɗaukar nauyin kowane aji.

2. Asalin kalmar da gininta

Dangin wannan kalma duka baƙi ne a Ingilishi. Kafin shekarar 1066, lokacin da Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, tsohon Ingilishi yana da tasa kalmar ta marar dukiya, wato «earm», ƴar'uwar «arm» wadda Jamusanci yake aiki da ita har yau. Bayan cin ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarnuka, kalmominsa kuma suka kwararo cikin Ingilishi. Daga cikinsu akwai «povre», wadda ta fito daga kalmar Latin «pauper». Ita ce ta rikiɗe ta zama «poor» a Ingilishi, ta kuma zama «pauvre» a Faransancin yau. Wajen shekarar 1200 an riga an fara ganinta a rubutu, tare da sunan «poverty». Shi kuwa aikatau «impoverish» sai a ƙarni na 15 ya shigo, daga tsohon Faransanci «empovrir».

Idan aka tsinka «impoverished», za a sami yanki huɗu: ɗafa-goshi «im-», saiwa «pover», ɗafa-ƙeya «-ish», da wata ɗafa-ƙeyar «-ed». A nan akwai ramuka biyu da ɗalibi yakan faɗa. Na farko, «im-» ɗin nan ba ta korewa ba ce irin wadda ke cikin «impossible». Ta fito daga «en-» ta Faransanci, ma'anarta kuwa saka abu cikin wani hali. Ɗalibin da ya ɗauke ta a matsayin ta korewa zai juya ma'anar kalmar baki ɗaya, ya fahimci kishiyar abin da aka rubuta. Na biyu, «-ish» ɗin nan ba ita ce wadda ke gina sifofi irin su «childish» ba. Ragowar «-iss-» ce ta aikatan Faransanci, irin wadda ake gani cikin «nous finissons», kuma ita ce a ƙarshen aikatan Ingilishi «finish», «punish» da «nourish».

Abin lura kuma shi ne saiwar tana da fuska biyu: «poor», inda baƙin «v» ya ɓace, da «pover», inda ya tsira. Za a ga irin wannan sauyin fuska a Hausa nan gaba.

3. Azuzuwan dangin kalmar a Ingilishi

Ga yadda dangin suka rarrabu:

a. Sifa ƴar asali: «poor». Tana karɓar ɗafa-ƙeyar gwadawa, a ce «poorer» da «poorest».
b. Ɓoyayyen suna: «poverty», sunan halin da kansa.
c. Sunan mutum: «pauper». An aro shi kai tsaye daga Latin a ƙarni na 16, kuma a zamanin dokokin taimakon marasa hali na Ingila, irin na 1601 da na 1834, yana nufin wanda yake rayuwa da taimakon hukuma.
d. Aikatau so-karɓau: «impoverish».
e. Suna ɗan aikatau: «impoverishment».
f. Bayanau: «poorly».
g. Sifa ƴar aikatau: «impoverished».

Biyu daga cikinsu suna buƙatar ƙarin bayani, domin ma'anarsu ta zarce rashin dukiya. Sifar «poor» tana iya nufin rashin inganci, kamar cikin «a poor harvest», inda Bahaushe zai ce damina ba ta yi albarka ba. Tana kuma iya nufin tausayi, kamar cikin «the poor child», inda zai ce «Allah sarki, yaron nan». Faransanci yana raba waɗannan ma'anoni da gurbin sifa: «un homme pauvre» shi ne marar dukiya, «un pauvre homme» kuwa abin tausayi. Ingilishi ba shi da wannan dama, domin sifarsa galibi gaban suna take zuwa, saboda haka sai mahallin zance ya raba gardama. Bayanau «poorly» kuwa galibi yana nufin aikin da ba a yi shi da kyau ba, a Ingila ma akan faɗe shi ga marar lafiya. Ba safai yake nufin zama cikin talauci ba.

4. Gurabu huɗu na «impoverished»

A Ingilishi siffar kalma kaɗai ba ta isa ta nuna ajinta ba. Sai an dubi gurbin da ta zauna da maƙwabtanta a jimla. Ga jimloli huɗu, kowace da fassararta:

(1) The drought impoverished the herders.
Fari ya talauta makiyaya.

(2) The herders were impoverished by the drought.
Fari ne ya talauta makiyaya.

(3) The impoverished herders sold their cattle.
Makiyayan da suka talauce sun sayar da shanunsu.

(4) The impoverished moved to the towns.
Waɗanda suka talauce sun koma birane.

Cikin jimla ta (1), kalmar aikatau ce a shuɗaɗɗen lokaci: aikau yana gabanta, karɓau yana bayanta. Cikin ta (2), an juya jimlar an sa karɓau a gaba, aikau kuma ya koma baya tare da harafin «by». Hausa ba ta da irin wannan juyi mai ambaton aikau. Ko dai ta maido da shi gaba kamar yadda aka yi a sama, ko kuwa ta ɓoye shi da lamirin «an», ta ce «an talauta makiyaya». Cikin ta (3), kalmar sifa ce, tana bayanin suna. Alamar da ke tabbatar da haka ita ce tana karɓar kalmomin ƙarfafawa da na gwadawa irin su «very» da «more», tana kuma iya biyo bayan «seem» ko «remain», abin da aikatau ba ya yi. Cikin ta (4), sifar ta tsaya a gurbin suna bayan mafayyaci «the», kuma a wannan gurbi kullum jam'i take nufi, kamar yadda «the poor» yake nufin jama'a, ba a faɗinsa ga mutum guda.

Akwai kuma jimlar da take da harshen damo. Idan aka ce «The herders were impoverished» aka tsaya, ba a ambaci aikau ba, to ana iya fahimtar aikin da aka yi wa makiyayan, ana kuma iya fahimtar halin da aka same su ciki. Mai fassara zuwa Hausa ba shi da wurin ɓuya a nan, dole ya zaɓa tsakanin «an talauta makiyaya» da «makiyaya suna a talauce».

Ko a wane gurbi ta zauna, kalmar ba ta rabuwa da asalinta na aikatau. Wanda aka kira «poor» yana iya kasancewa haka aka haife shi. Wanda aka kira «impoverished» kuwa, kalmar tana nuna cewa a da yana da abin hannunsa, wani abu ya faru, ya rasa.

5. Dangin «talaka» a Hausa

Ita ma «talaka» masana da yawa suna ganin baƙuwa ce, daga harshen Abzinawa, inda ake da «taləqqe» da ma'anar marar hali. Ana samun ta a Zabarmanci da siffar «talka», Yarbanci kuma ya karɓe ta daga Hausa. Bayan ta zauna, Hausa ta gina mata dangi cikakke:

a. Suna: talaka, jam'i talakawa.
b. Ɓoyayyen suna: talauci.
c. Aikatau: talauta, talauce, talautar da.
d. Suna ɗan aikatau: talautawa, talaucewa, talautarwa.
e. Sunan mai hali: matalauci, matalauciya, matalauta.
f. Sifa ƴar aikatau: talautacce, talautacciya, talautattu.
g. Bayanau na hali: a talauce.

5.1. Sauyin sauti. Saiwar tana da fuska biyu, «talak» da «talau». Dalili shi ne ƙa'idar da Bajamushe August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920: baƙin hanɗa, wato «k», «g» ko «ƙ», idan ya faɗo a ƙarshen gaɓa, sai ya narke ya zama «u». Cikin «ta-la-ka» baƙin «k» yana farkon gaɓa, ya tsira. Da aka ɗafa «-ta», ya koma ƙarshen gaɓa, sai «talak-ta» ta zama «talauta». Haka abin yake tsakanin «zukata» da «zuciya», da «ɓakane» da «ɓauna», da «hagu» da «hauni». Wannan sauyi ya game karin harshen Hausa duka, saɓanin na baƙaƙen leɓe, wanda bai kai yamma ba: mutumin Tawa ko Sakkwato yana cewa «zamna» da «sabka» inda Bakano yake cewa «zauna» da «sauka», amma dukansu «talauci» suke cewa.

Sauyi na biyu ganɗantawa ce: «t» yana zama «c» gaban wasulan «i» da «e». Shi ya sa ake da «talauci» da «talauce» da «matalauci», amma «talauta» da «matalauta» da «talautattu», inda «t» ya dawo gaban «a» da «u».

5.2. Rukunan aikatau. F. W. Parsons, a shekarar 1960, ya kasa aikatan Hausa rukuni bakwai bisa ga wasalin ƙarshe da karin sauti. «Talauta» tana rukuni na ɗaya, so-karɓau ce: wani ya sa wani cikin talauci. «Talauce» tana rukuni na huɗu, ƙi-karɓau ce: mutum ya faɗa talauci sarai. «Talautar da» tana rukuni na biyar, tana ƙara fito da mai jawo abin. A karin harshen yamma akan ji «talautas da» ko «talautad da».

A nan Hausa ta fi Ingilishi rarrabewa. Kalmar «impoverishment» guda ce, tana rufe abu biyu. In aka rubuta «the impoverishment of the farmers», mai karatu bai san ko manoman sun talauce ne ko talauta su aka yi ba. Hausa tana da «talaucewar manoma» tana kuma da «talautar da manoma», na farkon yana ba da labarin abin da ya same su, na biyun yana nuna akwai hannun wani. Wanda ya zaɓi ɗaya ya yanke hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, don haka wajibi ne ya koma ga sauran takardar ya ga abin da marubucin yake nufi.

5.3. Sifa da bayanau. «Talautacce» an gina ta bisa ƙa'idar da ta ba da «dafaffe» daga «dafa» da «lalatacce» daga «lalata», ita ce kuwa takwarar «impoverished» ta jimla ta (3). Tana bin jinsi da adadin sunan da take bayani, abin da sifar Ingilishi ba ta yi: talautaccen manomi, talautacciyar ƙasa, talautattun makiyaya. Gininta daidai ne, sai dai a bakin jama'a an fi jin «wanda ya talauce», wannan kuwa ya fi sauƙin shiga kunne a rediyo.

Rubutu ba ya raba «talauce» ta aikatau da «talauce» ta bayanau, amma kunne yana raba su. Cikin «ya talauce» karin sauti sama ne, ƙasa, sama, da dogon wasali a ƙarshe. Cikin «a talauce» ƙasa ne, ƙasa, sama, da gajeren wasali. Ga mai karatu, kalmar da ke gaba ita ce jagora: lamirin lokaci irin su «ya», «ta», «sun» yana nuna aikatau, harafin «a» yana nuna bayanau.

Wajen gwadawa kuwa, inda Ingilishi yake ɗafa «-er» ga sifa, Hausa tana kawo aikatau «fi» da ɓoyayyen suna: «wannan gari ya fi wancan talauci».

6. Abin da «talaka» take nufi

Babbar matsalar fassarar da aka ambata a farko ita ce «talaka» suna ce, kuma ma'anarta ta farko a ƙasar Hausa ta shafi matsayi ne cikin tsarin sarauta. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ba kuma ɗan gidanta ba ne. Jam'in ma yana ba da shaida, domin ɗafa-ƙeyar «-awa» ita ce ta al'umma, irin ta Gobirawa da Adarawa da Katsinawa. In aka ce «talakawan sarki», ana nufin duk waɗanda suke ƙarƙashin mulkinsa, har da attajirin da yake da rumbuna da raƙuma. Da wannan ma'ana ce kalmar ta shiga siyasa a shekarun 1950, lokacin da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano a arewacin Nijeriya da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar suka yi magana da sunan talakawa.

Gaskiya ne a maganar yau da kullum «talaka» tana nufin marar dukiya ma. Amma ko a nan, suna ce mai nuna zaunannen matsayi, ba ta da lokaci, ba ta da aikau. Makiyayin da garkensa ya ƙare a farin 1973 ko na 1984 talaka ne tun kafin farin. Abin da ya sauya shi ne ya talauce. Haka ma'aikacin da albashinsa ya daina isarsa bayan 12 ga Janairu 1994, ranar da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, faran na Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. In rahoto ya kira irin waɗannan «impoverished», mai fassara kuma ya ce «talakawa», mai sauraro zai ji abin da ya riga ya sani, ba zai ji cewa an yi asara ba, balle ya tambayi abin da ya jawo ta.

Ko ga «poor» ma, «talaka» ba kullum take dacewa ba. A takardun Bankin Duniya «poor» tana da ma'auni: dala 1.90 a yini daga 2015, dala 2.15 daga 2022, dala 3 daga 2025. Mutum yana iya haye wannan iyaka ya fita daga lissafi, alhali yana nan talaka a idon garinsu. A irin wannan gurbi «matalauta» ko «masu fama da talauci» sun fi kusa da nufin marubuci.

7. Sauran kalmomi maƙwabta

Dangin «tsiya» suna da gini irin na «talauci»: tsiyata, tsiyace, matsiyaci, a tsiyace. Sun fi nuna tsananin rashi, amma suna ɗauke da zagi, domin «tsiya» tana nufin fitina da mugun hali ma, wanda aka kira «matsiyaci» kuwa ba zai ɗauka bayanin aljihunsa ake yi ba. Ba su dace da rahoton hukuma ba.

«Faƙiri» da «miskini» daga Larabci suka zo, gurbinsu kuwa fiƙihu. Su ne na farko cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka, a mazhabar Malikiyya kuma miskini ya fi faƙiri rashi. Sunaye ne, ba su da aikatau da aka saba ji a Hausa, saboda haka ba za su ɗauki nauyin «impoverished» ba. Ladabin zance kuma ya samar da «mai ƙaramin ƙarfi» da «marar hali» da «mabuƙaci», waɗanda suke sassauta «poor» ba tare da sun taɓa mutuncin kowa ba.

Sa'an nan a kula da inda kalmar ta bar mutane ta koma kan abubuwa. «Impoverished soil» a bakin manomi ita ce gonar da ta gaji ko ƙasar da ta mutu. Faransanci ma yana faɗin «uranium appauvri» ga uraniyum da aka rage wa kashinsa mai lamba 235. A duk waɗannan ma'anar guda ce, wato an cire wa abu albarkar da yake da ita a da, Hausa kuwa takan nemi aikatau da ya dace da abin da ake magana a kai.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya tsayar da ƙa'idodi uku ga mai fassara da malamin makaranta. Na ɗaya, a fara tantance ajin kalmar ta hanyar gurbinta a jimla kafin a buɗe ƙamus. Na biyu, inda Ingilishi ya kawo «impoverish» ko wani daga cikin ƴaƴanta, ko Faransanci ya kawo «appauvrir», a nemi aikatau a Hausa: «talauta» ko «talautar da» idan takardar ta nuna mai aikatawa, «talauce» idan ba ta nuna ba. Na uku, a ajiye «talaka» da «talakawa» ga inda ake nufin jama'ar da ake mulka, a yi aiki da «matalauta» inda ake nufin waɗanda ma'aunin dukiya ya ware. Kalmomin da ake buƙata duka suna nan cikin harshen, tun daga Tawa har Damagaram, saura a ba kowace gurbinta a rubutu da kuma a rediyo.